Tsutsar Kaɗanya da Daɓen Siminti

Ban taɓa zama a aji ba, amma in dai maganar kaɗanya ake yi a ƙasar Minna, to a matsa mini in zauna. Na fi shekara talatin ina cin abinci a gindinta. Abin da zan faɗa a nan kuskurena ne, kuma da bakina nake so a ji shi, kada bayan raina wani ya ba da labari ya ɗora wa ɗana. Ba shi ba ne. Ni ce.

A Tudun Wada aka haife ni, mahaifina ma'aikacin jirgin ƙasa ne. Aure ya kai ni Maitumbi, lokacin Maitumbi gonaki ce da 'yan gidaje jefi-jefi, kana tsaye a ƙofar gida kana hango kunyoyin doya har inda idonka ya tsaya. Dangin mijina Gwarawa ne, manoma tun kakanni. Daminar farko da na yi a gidan, wata safiya na fito da buta sai na tarar da uwar mijina a tsugune gindin kaɗanya, tana tsintar wasu baƙaƙen tsutsotsi masu ɗigon rawaya, kowace ta kai tsawon yatsana, tana zubawa a ƙwarya. Na ɗauka kaji za ta ba. Da rana na gan su a tukunya. Kwana uku ban ci miyar gidan ba.

Rana ta huɗu tsohuwar ta soya su da man kaɗe da barkono da gishiri, ta ajiye kusa da ni ta yi tafiyarta. Yunwa ce ta fara sa ni na ci. Daga baya kuma ba yunwa ba ce. Manimani ake ce wa tsutsar a nan, sunan da Nufawa suka sa mata ne kowa ya ɗauka. Mutanen gidanmu na Tudun Wada kuwa tsutsar kaɗanya suke cewa, suna yatsina fuska.

Bari in faɗi yadda abin yake, don wanda bai sani ba. Masu cin kaɗanya suna da yawa, amma kowa da abin da yake ci da lokacin zuwansa. In ta yi fure, zuma ta zo ta ɗebi nata ta tafi. In 'ya'ya sun nuna, jemage ya zo da magariba ya ci naman ya yar da ƙwarar, mu kuma mu tsince da safe mu yi mai. Kauci yana can sama maƙale a reshe, har ya mutu ba ya taɓa ƙasa. Gara tana ƙasa tana cin busasshen ɓawo, ɗanye ba ruwanta da shi. Ita kuwa manimani ganye ne nata, kuma ganyen kaɗanya kaɗai. Na taɓa gwada ta da na mangwaro, na gwada da na ɗorawa, don dai in gani. Sai ta ɗaga kai ta yi ta lilo da shi har ta mutu, ko ɗanɗanawa ba ta yi ba.

In damina ta zauna take fitowa, ƙanana kamar zare. Wajen sati shida tana ci. Ka tsaya ƙarƙashin bishiya ka ji kashinta yana zuba kamar yayyafi. Kafin ta gama, bishiyar ta koma kamar an yi mata aski, baƙo ya gani ya ce ta mutu. Ba ta mutu ba. Sati biyu ko uku sai sabon ganye ja-ja ya fito, kuma dawar da ke kusa da inda kashin ya zuba ta fi ta ko'ina girman kai.

In ta ƙoshi sai ta sauko. Da sassafe take saukowa, a jere, tana bin jikin bishiya, to lokacin ake tsinta. A bar ta kwana guda a kwando cikinta ya fita, a tafasa da gishiri da 'yar kanwa, a shanya. In hannu ya iya, sai ta kai wata damina ba ta yi wari ba. Hannuna ya iya. A kasuwa har ana cewa a bar ta wance, a jira ta matar Maitumbi.

Doka biyu tsohuwar ta kafa mini. Ta farko, duk wadda ta riga ta sa kanta a ƙasa ba a taɓa ta, ko da rabin jikinta yana waje. In na kai hannu sai ta buge shi ta ce, "Ta ƙasa ce." Ta biyu, ba a kai fartanya mai zurfi ko wuta gindin kaɗanya, iyakar inda inuwarta ta kai. Ba ta faɗi dalili ba, a zamaninmu kuma ba a tambayar uwar miji dalili. Ni na ɗauka sadaka ce ake bar wa ƙasa. A tunanina wadda ta shiga ƙasa ta mutu ke nan, ta zama taki, baɗi kuma Allah ya aiko da wasu tare da ruwan sama. Haka na riƙe a raina shekara da shekaru, abin kuma yana tafiya daidai, to me zai sa in yi shakka? Tsohuwa ta rasu na ci gaba da bin dokarta, ban san me nake karewa ba.

Shekarar da aka mai da Minna babban birnin jiha, ɗana na fari yana sakandare. Ba a daɗe ba masu awon fili suka iso da sarƙarsu da turakunsu. Ma'aikata suna ta kwararowa, kowa yana neman inda zai sa kansa. Gona ta zama fuloti, fuloti ya zama gida. Kaɗanya kuma itace ne mai kyan gawayi, mai kyan turmi, saboda haka ita ake fara sara. Ina jin gatari daga ɗaki in san wacce ce ta faɗi, don duk na san su ɗaya bayan ɗaya. Akwai mai karkata ta bakin rafi, akwai tagwaye, akwai wadda 'ya'yanta suka fi zaƙi. Maigidana ya rasu a cikin waɗannan shekarun. Kafin ƙaramar 'yata ta gama makarantar malamai, kaɗanya guda ce ta rage a duk unguwar, ita ce wadda take tsakar gidanmu.

Guda ce, amma babba ce, mutum biyu ba sa rungume ta. Kuma duk damina manimani tana zuwa mata. Mata suna tasowa tun daga Fadikpe su zo su ce, "Iya, an sauko?" Ni kaɗai na rage mai ita a wannan yanki. Ba zan ɓoye ba, abin yana yi mini daɗi.

Maƙwabciyata Bakanuwa ce, mijinta yana aiki a sakatariya. Katanga ce tsakaninmu, gajera, in ta taka turmi sai kanta ya leƙo. Da ta ji ƙanshin suya sai ta hau.

"Iya, yau ma naman bishiya za a ci?"

"Shi za a ci. In zubo miki?"

"A'uzubillahi! Ni da tsutsa?"

"Jiya wa na ji tana ƙwala wa mai fara kira har muryarta tana shaƙewa? Fara mai ƙafa shida da ƙaya, ita kin iya taunawa."

"Ai fara daban, Iya. Kowa ya san fara."

"To tawa ganye ɗaya take ci tun ranar da ta zo duniya. Taki kin san inda ta kwana?"

Sai ta kwashe da dariya ta sauka. Haka muke kullum.

Ɗana ya gama karatu ya sami aikin gwamnati. Yaro ne mai son a ga uwarsa cikin mutunci. Ya ɗaga katanga ta gaba, ya sa ƙofar ƙarfe, ya jawo wutar lantarki. Bai taɓa cewa a sare bishiyar ba, ya san inda maganar za ta tsaya. Amma na san yana jin kunyarta. Wata rana ya kawo abokan aikinsa, aka shimfiɗa musu tabarma a inuwa, sai wata ƙatuwa ta faɗo cikin hular babbansu da ya ajiye a gefe. Mutumin ya ɗauki hula zai sa, ya ga abu yana motsi, ya yi tsalle har ya zubar da ruwan sha. Ni dariya na yi har da hawaye. Ɗana bai yi ba.

A ƙarshen wannan daminar ne santsi ya kwashe ni a tsakar gida na faɗi a kan gwiwa. Tun daga ranar ƙafar ba ta koma daidai ba. Kasuwa ta gagare ni, gidan biki ya gagare ni, daga ɗaki sai gindin bishiya. Da rani ya yi tsakiya, ɗana ya zo ya tsuguna ya ce, "Mama, ki bari a yi wa tsakar gidan nan daɓen siminti. Taɓo ya ƙare, santsi ya ƙare. Ko shanyarki ma za ta fi tsabta."

A nan ne ya kamata in tuna dokar tsohuwa. Na tuna kuwa. Na ce a raina, cewa ta yi kada a tona, kada a sa wuta. Wannan ba tono ba ne, ba wuta ba ce, rufewa ce. Kuma gaskiyar magana, na daɗe ina kallon daɓen Bakanuwa ta saman katanga, yadda take shanya barkono a kai ba yashi ko ƙwaya. Ni da nake da abin shanya na gaske, a ce ni ce mai shanya a tabarma? Na ce a yi. Sharaɗi ɗaya na sa, a bar wa bishiya zoben ƙasa a gindinta, faɗin faifai, ta riƙa shan ruwa. Ni na zauna a kujera ina nuna wa birkila da sanda, nan bai kwanta ba, can a ƙara. Kwana uku muna yayyafa masa ruwa. Ya fito sumul kamar tafin hannu. Na kira Bakanuwa ta leƙo ta gani.

Damina ta zo, ruwa ya zauna. Na kasa kunne in ji yayyafin nan na ƙarƙashin bishiya, shiru. Na ce ko jinkiri suka yi, wata shekara suna yi. Sati ya wuce, wani ya wuce. Can sai na ga reshe ɗaya, na wajen gabas, an fara cin ganyensa. Reshe ɗaya tak. Sauran bishiyar kore shar. Mata suka zo suka tambaya, na ce musu bana sai haƙuri, ruwan ne bai yi musu ba.

Ranar da tsutsotsin suka sauko ina zaune da ƙwaryata tun bayan sallar asuba. Duka-duka ba su cika tafin hannu biyu ba. Ko tukunyar yara ba za su yi ba, sai na ajiye ƙwaryar na zuba musu ido. 'Yan kaɗan suka cusa kansu a zoben nan na gindi, amma wurin duk saiwa ce, ba ya ɗaukar da yawa. Sauran suka hau daɓe suka bazu. Kowace ta yi 'yar tafiya sai ta tsaya ta dunƙule ta danna kanta a siminti, ta danna, ta danna, sannan ta miƙe ta ƙara gaba. Suka kai katanga. Suka bi gindin katanga har kusurwa, suka juya, suka bi ɗaya gefen, suka wuce ƙofar ɗakina, suka dawo inda suka fara. Hantsi ya yi, daɓe ya fara zafi. Ƙadangaru suka sauko daga katanga suna ɗaga kai. Ina korar wannan da sanda wancan yana ɗauka.

Na tattara waɗanda suka rage a ƙwarya na rufe da ɗanyen ganye. Na dogara sandata na ja ƙofar ƙarfen nan da ƙyar na leƙa waje, in samo musu ƙasa. Dama kwalbati ne da shagon mai faci. Hagu tulin bulo ne da sabon gini. Gabana hanya ce da babura suka daddaɓe ta fi daɓena tauri. Na tsaya da ƙwarya a hannu ina duban unguwar da na sani tun tana gona, ban ga inda zan ajiye tsutsa ba. Ƙafata kuma ba za ta kai ni bayan gari ba. Na koma ciki na ja ƙofa.

Ranar Asabar ce, 'yata ta zo daga Fadikpe inda take aure. Malama ce a sakandaren 'yan mata, darasin halittu take koyarwa. Ta same ni zaune da ƙwarya a cinya.

"Mama, lafiya? Me kike yi da su a rufe?"

Na faɗa mata. Ta dubi bishiya, ta dubi daɓen, ta daɗe tana dubansa.

"Yaushe aka yi wannan daɓen? Da rani ko?"

"Da rani mana. Wa yake daɓe da damina?"

Ta zauna a bakin tabarma ta cire takalmi. Ta ce, "Mama, akwai abin da muke koya wa yara. Kowane mai rai yana da gurbinsa. Ba wurin kwanansa kaɗai ake nufi ba. Abin da yake ci, lokacin da yake fitowa, masu cin sa, amfanin da yake yi wa na kusa da shi, da abin da in babu shi ba zai rayu ba. Duka a haɗe su ne gurbin. In aka cire guda ɗaya, ko an bar masa sauran, ba zai zauna ba."

Na ce, "Wannan ai na riga littafinku sani. Tun ba a haife ki ba na san ganye ɗaya take ci."

"Na sani, Mama. To in sun shiga ƙasa ina suke zuwa?"

"Su mutu mana. Ina za su?"

Ta gyara zama. Na gane tana neman yadda za ta faɗa wa babba magana ne.

"Ba mutuwa suke yi ba. Kwanciya suke yi. Fatarsu ta yi tauri kamar ƙwallon dabino, su kwanta wajen wata tara, rani ya wuce a kansu. In ruwan farko ya jiƙa ƙasa sai su fasa su fito da fiffike. Kin san malam-buɗe-littafin nan babba, mai launin ƙasa, da yake yawo farkon damina? Su ne. Su suke hawa su yi ƙwai a bakin reshe. Ba ruwan sama ne yake kawo su ba, Mama. A ƙarƙashinki suke."

Raina ya ɓaci. Na ce, "Ke da na yi wa wanka a kwano, yau ke za ki koya mini manimani?" Ina cikin faɗan sai na ji kamar an buge mini hannu, na ji muryar tsohuwa tana cewa ta ƙasa ce. Ashe iri take bari. Shekara talatin ina ganin wannan mai fiffiken, in ya shigo ɗaki in kore shi da tsintsiya, ban taɓa haɗa shi da abin da nake ci ba. Wata uku na sani daga rayuwar tsutsar nan, na ɗauka shi ke nan duka.

Da ɗana ya dawo na ce masa a fasa daɓen.

"Mama, ke fa kika ce a yi. Ke kika tsaya a kan birkila."

"Ni na ce a yi, ni kuma na ce a fasa."

"Kan tsutsa? Me zan ce wa mutane? Ki bari damina ta wuce mu gani."

"Waɗannan na cikin ƙwarya ba za su kai jibi ba."

Ya ce zai duba. Na san ma'anar zai duba, ni na haife shi. Ran Litinin ya sa hularsa ya tafi ofis ya jawo ƙofa. Na buɗe ƙwarya na ga biyu sun sandare, sauran sun fara yin sanyi, suna ta zagaya cikin ƙwaryar suna danna kai a gindinta.

Na ɗauko taɓarya na zauna a kujera na fara dukan daɓen, taku uku daga gindin bishiya, wajen da na san inuwa ta fi zama. Taɓarya tana tsalle tana dawowa, ko tsagewa bai yi ba. Ashe birkilan ya yi aikin kirki, ni kuma na sa shi. Sai ga kan Bakanuwa a saman katanga.

"Iya, me ake dakawa ba turmi?"

"Mijinki yana da guduma?"

"Yana da ita. Me za ki yi?"

Na faɗa mata a taƙaice. Ta riƙe baki.

"Yanzu Iya kan tsutsa za ki rushe gida? Daɓen da kika kira ni na yi miki barka?"

"Za ki ba ni ko in ci gaba da taɓarya?"

Ta sauka. Na ɗauka ta tafi ke nan, sai na ji ana taɓa ƙofa. Ta shigo da guduma da guntun ƙarfe, ta ɗaura zane a ƙirji ta ce, "Matsa, Iya, da wannan ƙafar taki sai ki kai mu Sallah. Amma in ɗanki ya tambaya, ni ban san komai ba, miƙo gishiri na zo." Tana dukan da guduma ina bi da taɓarya, kamar masu lugude. Tana yi tana mita, wai ita 'yar birni yau ta zama lebura don tsutsa, in labari ya kai Kano ba za ta iya shiga dangi ba. Can siminti ya yi ƙara ya tsage. Ta cusa ƙarfen ta ɗaga wani ɓangare mai faɗin tire, muka kifar da shi.

Mitar ta tsaya.

Ƙasar da ke ƙarƙashi duk 'yan ramuka ne, kamar an caccaka yatsa. A bakin kowane rami akwai mai fiffiken nan a kwance, a matse, fiffikensa a cukurkuɗe bai samu buɗewa ba. Wasu sun manne a jikin simintin da muka kifar. Sun ji danshin ruwan farko, sun farka kan lokaci, sun haƙo sama yadda aka halicce su su yi, suka tarar da rufi. A wannan ɗan wurin kaɗai ban iya ƙirga su ba, ga kuma sauran tsakar gida duka a rufe. Duk daminar nan ina zaune a kansu ina cewa sun yi jinkiri.

Bakanuwa ta ce, "Innalillahi." Ita da hannunta ta share wurin, ta sassauta ƙasar da ƙarfe. Na juye ƙwaryar. Goma sha ɗaya suka rage masu motsi. Suna taɓa ƙasa ba su yi ko zagaye ɗaya ba, kowace ta sa kai ta fara nutsewa. Kafin a kira azahar babu ko ɗaya a waje.

Da yamma ɗana ya shigo ya tsaya a kan ramin. Na nuna masa ɓangaren simintin da abin da ke manne a jikinsa. Ya daɗe yana kallo. Abin da ya ce kawai, "Da kin jira ni, Mama." Washegari ya jera bulo ya kewaye ramin kada wani ya faɗa.

Daga nan sai jira. Wata tara ina gadin ramin da bai fi tire ba. Na rufe shi da ƙaya saboda kaji. Na hana a zubar da ruwan wanki ta wannan gefen. 'Yata ta haihu a cikin ranin, aka ce in je in zauna mata wankan jego, na je suna a mota na dawo a ranar, don ban yarda da kowa a kan ramin ba. Ta ji haushi, na sani. Mutanen gida suna cewa tsohuwa ta fara ruɗewa. Ina ji ina ƙyale su. Da can ƙafa ce ta tsare ni a gidan nan, yanzu kuma ko an ba ni sabuwar ƙafa ba inda za ni.

Ruwan farko ya sauka, ba komai. Na biyu ya sauka mai ƙarfi. Kwana biyu bayansa na fito da safe na ɗaga ƙayar, sai ga 'yan ramuka a buɗe, shida ko bakwai, sababbi. Wallahi guɗa na yi, ni kaɗai a tsakar gida, har Bakanuwa ta hau turmi tana tambaya ko wani ne ya haihu. Na ce an haihu. Na ɗaga kai ina duba rassa ko zan hango su.

Ba a rassa na same su ba. A cikin ranin nan an yi sata a layinmu, ɗana ya sa ƙwan lantarki a saman ƙofar ƙarfe, yana kwana a kunne. Da na zo shara sai na ga fikafikai a zube a ƙarƙashinsa, masu launin ƙasa, ba gangar jiki. A jikin katanga kusa da ƙwan ga tsaka biyu, cikinsu ya yi tim. Sun fito daga ƙasa lafiya, suka bar bishiyar da ke kansu suka nufi haske.

Ban yi faɗa ba. Na tattara fikafikan a tafin hannu na kai wa ɗana yana karyawa. Shi da kansa ya tashi ya kwance ƙwan. Sati uku gidanmu ba haske a waje, ina sa ran ko akwai sauran da ba su fito ba, ko wata ta riga ta yi ƙwai kafin ta tafi. 'Yata ta zo ta tsaya ta duba bakin rassa ɗaya bayan ɗaya har wuyanta ya ƙage. Ta ce ba ta ga komai ba. Na tambaye ta ko wasu za su iya zuwa daga wani wuri. Ta ce za su iya, in akwai wata kaɗanyar kusa da za su taso daga gare ta. Mu duka mun san babu.

Wannan shekarar bishiyar ba ta rasa ganye ko ɗaya ba. Masu shigowa suna cewa, "Kai, Iya, kaɗanyarki ta yi kyau bana, ga inuwa." In ce musu alhamdulillahi.

Da kaka ta yi, ɗana ya zo ya tsuguna kamar yadda ya yi wancan karon, ya ce ko a kira birkila ya like ramin, tunda dai abin ya wuce. Na ce a ƙara mini damina ɗaya. Ya ƙara. Da ta wuce ya sake tambaya, na sake cewa ɗaya. Daga ta uku bai ƙara tayar da maganar ba, ni ma ban ce a like ba. Na dai ɗauke ƙayar, kaji suna birgima a ciki da rana.